Awa Nawa Direban Jirgin Kaya Ya Yi Bai Runtsa Ba?

A hutun da ya wuce, da na je gida Zurmi, na tarar wata sabuwar al'ada ta shigo wa samarin unguwarmu. Da an idar da sallar lisha sai su taru a dakalin ƙofar gidanmu, su haɗa kawuna bisa wayar mutum guda. Na zaci ƙwallo ne ko wasan Hausa, ashe jirgin ƙasa suke kallo. Wani Bature ne can a Amurka ya kafa na'urar ɗaukar hoto a bakin dogo, ya ɗauko jirgin kaya tun daga kai har wutsiya, su kuwa suna ta ƙidayar taragu da ƙarfi kamar 'yan elementare, har suka haye ɗari ba su ga ƙarshensa ba. Galibin yaran nan ba su taɓa sa ƙafa cikin jirgi ba, alhali kuwa tsakaninsu da tashar Ƙauran Namoda bai kai tafiyar awa guda a mota ba, in hanya ta yi lafiya.

Akwai wani dattijo, ƙanen kakana ne, wanda ya yi ƙuruciyarsa yana zuba kwal a kan jirgi zamanin jiragen hayaƙi, daga baya ya koma na dizal har ya yi ritaya. Ran nan yana zaune gefe bisa buzunsa, sai ya ce a miƙo masa ya gani. Ya ƙura ido har jirgin ya shige, sa'an nan ya ce, "Wannan direba tun yaushe yake bisa hanya?" Samari suka yi dariya, ɗaya ya ce, "Baba, ai ba a nuna direban ba." Ya mayar musu da wayarsu, ya ce, "Na lura ba a nuna shi ba."

Tun daga daren nan maganar take cina, shi ya sa na roƙi fili a wannan mujalla tamu. Abin da nake son in faɗa wa 'yan'uwana ɗalibai, da yayyenmu da suka riga mu kama aikin gwamnati, bai da yawa. Muna ta kukan a dawo mana da jirgi, kuma muna da gaskiya, amma ban ji ko mutum ɗaya a cikinmu ya tambayi awa nawa za a sa mai tuƙa shi ya yi a farke ba. Ni kuwa ina ganin lalle a amsa wannan tambaya a rubuce, cikin dokar ƙasa, tun kafin taragon farko ya motsa.

Kada masu kallo su ɗauka zarginsu nake yi. Sha'awar kallon jirgi daɗaɗɗiya ce, tare aka haife ta da silima kanta. Cikin hotunan farko masu motsi da 'yan'uwan nan biyu na gidan Lumière suka nuna wa jama'a a Faransa a 1896, akwai na jirgi yana shigowa tashar wani gari da ake kira La Ciotat, bai cika minti guda ba, amma har yau ana maganarsa. A Ingila akwai mutanen da za su yini a bakin tasha da ɗan littafi a hannu, ba abin da suke yi sai rubuta lambar kowane kan jirgi da ya wuce. Jikokinsu ne yanzu suke ɗora bidiyo a YouTube, har ya iso dakalin gidanmu. Mu ma tun da aka buɗe sabon layin Abuja zuwa Kaduna a 2016, da na Ikko zuwa Badun a 2021, samarinmu suka shiga sahu, kowa ya hau sai ya ɗauko. Sai dai namu kallon yana da wani abu a ƙarƙashinsa wanda na Bature ba shi da shi. Shi yana kallon abin da yake da shi ne, mu kuwa, musamman mu mutanen arewacin Zamfara, muna kallon abin da iyayenmu suka taɓa samu ya kuɓuce mana.

Don wanda bai sani ba, dogo ya isa Kano a 1911. Reshen da ya rabu daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau, ya ƙare a Ƙauran Namoda a 1929, tafiyar fiye da kilomita 200. Ba don ƙaunar Zamfarawa Turawan mulki suka shimfiɗa shi ba. Gyaɗa da auduga da ƙiraga suke so su isa bakin teku cikin sauƙi. Ƙaura ta zama maƙurar dogo, watau duk abin da aka noma a ƙasar Zurmi da Moriki da Shinkafi da Isa, har da wani sashe na abin da ke ƙetarowa daga Nijar, can yake taruwa, da fari bisa jakuna da raƙuma, daga baya bisa manyan motoci. Garin da a dā aka san shi da sunan jarumin jihadi Namoda sai ya koma garin sikeli da kantunan Turawa da 'yan dako, baƙi suka zo daga kudu suka kafa unguwanninsu. Ko dalar gyaɗar nan ta Kano da muke alfahari da hotonta, in aka bi asali, shaida ce ta cewa noma ya fi ƙarfin jirgi: buhuna ne da suka taru suna jiran tarago bayan Yaƙin Duniya na Biyu, aka rasa yadda za a yi da su sai tarawa. To, in kaya ya fi ƙarfin taragu, kowa ya san a wuyan wa ragowar nauyin ke sauka. A wuyan mutanen da ke cikin kan jirgi yake sauka, domin su ne za a ce su je su dawo, su sake komawa.

Daga nan fari ya zo a 1972 zuwa 1974, cutar gyaɗa ta biyo baya a 1975, kuɗin man fetur ya ɗauke hankalin gwamnati, aka mai da ƙarfi ga kwalta. An ɗauko Indiyawa a 1979 su riƙa tafiyar da reluwe na 'yan shekaru, abin ya ɗan farfaɗo, da suka tafi ya sake kwantawa. Layin Ƙaura an sha ba da kwangilar gyaransa, amma yaron da aka haifa bayan ƙirƙiro Jihar Zamfara a 1996 ya fi sanin tashar da ciyawa da awaki bisa ga usur ɗin jirgi. Wannan tarihi kowa ya san shi, ba zan daɗe a kansa ba.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne yadda aikin kansa yake, kuma nan ne na zauna da dattijon nan dare uku ina tambaya. Dogonmu na dā layi ɗaya ne, mai zuwa da mai dawowa duk shi suke bi. Saboda haka aka raba shi yanki-yanki, daga wannan tasha zuwa waccan, kuma ba a yarda jirgi biyu su shiga yanki ɗaya ba. Shugaban tasha yakan miƙa wa direba wata 'yar sanda ta ƙarfe, ita ce izninsa na shiga, in ya kai tasha ta gaba ya ba da ita ya karɓi wata. In babu sanda babu tafiya, ko da kuwa Gwamna ne a ciki. Jirgin fasinja yana da lokacinsa a rubuce, kuma shi ake fara bai wa hanya. Jirgin kaya kuwa shi ne ƙaramin ɗa a gidan. Sai a karkatar da shi gefe a wata 'yar tashar daji, a ce ya jira mai zuwa ya wuce, jiran da zai iya zama rabin awa, zai kuma iya zama rabin dare. A duk tsawon jiran nan direba da mai zuba kwal ba su da damar kwanciya, domin wuta ba ta son a bar ta ta mutu, ruwan tukunya kuma sai an sa masa ido. Ga tsayawa shan ruwa, ga ajiye wannan tarago a ɗauki wancan. Tafiyar da a takarda awa takwas ce sai ta ninka, ba tare da kowa ya yi laifi ba, haka tsarin yake.

Shi mai zuba kwal, tsaye yake yin aikinsa a kan ƙarfe mai rawa, gabansa wuta bayansa iska, yana ɗiba da shebur yana watsawa, ba wai jibgawa kawai ba, sai ya san kusurwar da ke bukata. Dattijon ya ce da bazara, tsakanin Gusau da Ƙaura, rigarsa takan jiƙe ta bushe sau uku kafin su isa, gishiri ya fito mata fari fat. Can a wutsiya kuma ga gadi shi kaɗai a taragonsa, da fitila da tuta, ba abokin hira sai ƙarar ƙafafun jirgi. Amma da na tambaye shi mene ne mafi wuya, bai ce zafi ba, bai ce nauyin shebur ba. Cewa ya yi rashin sanin yaushe za a kira ka. Ma'aikacin ofis ya san ƙarfe takwas, ya san ƙarfe uku da rabi. Ma'aikacin jirgin kaya sai dai ya ji ɗan aike yana buga ƙofa, wata rana da hantsi, wata rana da tsakar dare, saboda jirgin kaya ba ya tashi sai kaya sun haɗu, hanya kuma ta samu. Ka yini a farke kana jira ba a kira ba, ka kwanta ke nan barci ya fara daɗi, sai ga bugun ƙofa. Ya ce ya rasa sunan 'ya'yansa biyu, jana'izar mahaifiyarsa kuwa a tashar Funtuwa labarin ya iske shi.

Hausawa sun ce barci ɓarawo ne, kuma masana sun tabbatar da maganar. A 1997 wasu masu bincike a Ostiraliya suka auna mutane, suka ga wanda ya yi awa 17 a farke hankalinsa da saurin hannunsa sukan ragu kamar na wanda ya ɗan sha giya. Ku duba wannan magana da kyau. Babu ɗayanmu da zai yarda a ɗora mashayi a kan jirgi, za mu ce haram, za mu ce a kore shi. Amma mutumin kirki mai salla, wanda aka hana shi barci har ya koma daidai da mashayin, shi muna yaba masa ne, mu ce jarumi ne mai juriya. Jirgin kaya mai nauyi kuwa in yana gudu aka taka birki, yakan ci fiye da kilomita guda kafin ya tsaya. Gyangyaɗin daƙiƙa goma, a ƙetare jar wuta, shi ke nan. Na'urar da ake sa wa jiragen dizal, wadda direba zai riƙa taɓawa lokaci-lokaci don a san yana farke, ba ta warkar da cutar ba, domin mai tsananin gajiya hannunsa yakan koyi taɓa ta shi kuwa yana rabin barci.

Waɗansu ƙasashe sun koyi wannan darasi da jini. A Kanada, ran 8 ga Fabrairu 1986, kusa da garin Hinton, wani jirgin kaya ya wuce sigina bai tsaya ba, ya yi karo da jirgin fasinja gaba da gaba, mutum 23 suka mutu, kuma alƙalin da ya binciki lamarin ya yi kakkausar suka a kan yadda ake sakaci da hutun ma'aikata. Amurka, wadda samarinmu suke kallon jiragenta, tun 1907 ta yi dokar da ta hana a sa ma'aikacin jirgi ya wuce awa 16 a jere. A 1969 aka gyara dokar, aka sauko zuwa 14, bayan 'yan shekaru aka kai 12. A 2008 aka ƙara cewa sai an ba shi hutun awa 10 cif wanda ba a yarda ko waya kamfani ya buga masa ba, kuma kada aikinsa ya haura awa 276 a wata. Abin lura, hatsarin da ya sa aka gaggauta sa hannu a dokar 2008 ɗin ya shafi masu kallo kai tsaye. Ran 12 ga Satumba na shekarar, a Chatsworth ta jihar Kalifoniya, jirgin fasinja ya ƙetare jar wuta ya afka wa jirgin kaya, mutum 25 suka rasu, bincike kuma ya nuna direban yana ta musayar saƙon waya da wani matashi mai sha'awar jirage. Ke nan sha'awa ma in ta rasa hankali tana iya kisa.

Kuma duk da dokokin nan, ba a ce ma'aikatan can sun huta ba. A 2022 saura ƙiris ma'aikatan jiragen kaya na Amurka su tsai da ƙasar cik, ba a kan albashi kawai ba, a kan a bar mutum ya je asibiti ba tare da an hukunta shi ba, da kuma wannan zaman jiran kira da dattijonmu ya kwatanta. Sai da majalisarsu ta yi doka a watan Disamba ta hana yajin. Wannan dogon jirgi mai tarago fiye da ɗari da yaranmu suke ƙidayawa suna tafi, mutum biyu ne kacal a cikinsa, kamfanoni kuma sun daɗe suna neman a mai da su ɗaya. A garin Lac-Mégantic na Kanada, jirgin ɗanyen man da ya gangaro cikin dare a Yulin 2013 ya ƙone tsakiyar gari ya kashe mutum 47, mutum ɗaya tak aka bar wa shi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi: mai bidiyo ya sami masu kallo, kamfani ya sami riba, direba ya sami hawan jini.

To, mu fa? Kada wani ya ce wannan magana baƙuwa ce a ƙasar nan, domin ƙungiyar ƙwadagon Nijeriya a bakin dogo aka yanke mata cibiya. Ƙungiyar ma'aikatan reluwe tana cikin na farkon da aka yi wa rajista a 1940, kuma a 1941 shugabanta Michael Imoudu ya ja dubban ma'aikata a ƙasa daga Ebute Metta har gidan Gwamna a Ikko, a kan tsarin biyan lada da awa wanda yake cutarsu. Turawa suka tsare shi daga 1943 zuwa 1945. Fitowarsa ke da wuya sai babban yajin aiki ya ɓarke a watan Yunin 1945, aka yi sama da kwana arba'in jirage na tsaye, daga Ikko har Zariya, kuma ƙarshenta sai da aka ƙara kuɗin tsadar rayuwa. Maƙwabtanmu na ƙasashen Faransa su ma sun yi nasu a layin Dakar zuwa Bamako daga Oktoban 1947 zuwa Maris 1948, wanda Sembène Ousmane ya gina shahararren littafinsa a kai. Waɗannan mutane ba su yi jami'a ba, amma sun san lokacin ɗan Adam dukiya ne, ba a ɗibarsa kyauta.

Duk da wannan tarihi, in ka buɗe Dokar Ƙwadago ta ƙasar nan, wadda asalinta dokar soja ce ta 1974, ka je sashe na 13, ba za ka ga adadin awa ba. Cewa ta yi lokacin aiki shi ne abin da aka yi yarjejeniya a kai tsakanin ma'aikaci da mai aiki, ko abin da ƙungiya ta sasanta, ko abin da hukumar tsara albashi ta yanke. Ta ba da hutun awa guda ga wanda ya yi awa shida ko fiye, da yini guda cikin bakwai. Wannan ya ishi magatakarda da mai gadin ofis. Bai ishi mutumin da yake jan tan dubu cikin duhu ta tsakiyar kasuwar Gusau ba. Za a ce ai akwai ƙa'idojin cikin gida na reluwe. Na yarda, amma ƙa'idar cikin gida wanda ya rubuta ta shi ke ɗage ta ran da kaya suka yi yawa, ma'aikata suka yi kaɗan. Doka kuwa ana iya kai ƙarar wanda ya taka ta.

Na san abin da wani zai ce, don an riga an faɗa mini a ɗakin kwananmu. Wai ina jirgin yake balle a yi maganar barcin direbansa, kamar mai saya wa jaririn da ba a haifa ba takalmi. Amsata ita ce yanzu ne ma lokacin. A Fabrairun 2021 aka aza harsashin layin Kano zuwa Maraɗi, wanda zai bi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, Jibiya kuwa iyaka ɗaya muke da ita, kuma kowa ya san don kaya ake gina shi fiye da don fasinja. An kafa tashar tsandauri a Dala ta Kano, an kafa wata a Funtuwa, a kan tsohon layinmu na Ƙaura. A Maris 2023 aka gyara tsarin mulki, aka bai wa jihohi ikon shimfiɗa dogo da tafiyar da jirage, abin da a dā na Gwamnatin Tarayya ne ita kaɗai. Ma'anar wannan ita ce nan gaba masu jirgi za su yi yawa, har da 'yan kasuwa masu neman riba, kuma ɗan kasuwa in ya tashi rage kashe kuɗi ba ya iya rage tsawon dogo ko farashin dizal, sai ya rage mutane. In ba a ɗaure akuya tun kafin a zuba dawa ba, bayan an zuba sai dai kora.

Wanda yake son ya ga abin da zai faru in an bar shi sakaka, ba sai ya je Kanada ba. Ya tsaya a bakin hanyar Funtuwa zuwa Gusau da asuba, ya dubi idanun direbobin tirela da tanka. Kayan da jirgi ya daina ɗauka su suka gada, tare da rashin barcin. Da goro ake farawa, a koma gahawa mai ɗaci, daga nan wasu su faɗa wa ƙwaya, ba don lalacewa ba, don mai mota ya ce lalle kaya su kwana Ikko jibi. Gawawwakin motocin da ke kwance a gefen kwalta ba duka ne laifin rami ba.

Akwai wata hujjar da ta fi wannan ƙarfi, kuma ba zan ɓoye ta ba, domin daga bakin dattijon kansa na ji ta. Ya ce su da kansu suke neman doguwar tafiya, saboda kuɗin ƙarin lokaci da na kwanan hanya su ne suke cika albashi ya kai ƙarshen wata, da su ya yi aure, da su ya sayi gonar da yake ci yanzu. In ka ƙayyade awa ba ka taɓa albashi ba, ka rage wa mutum tuwo ne da sunan tausayi, kuma shi zai fara taya shugabansa karya dokar. Wannan gaskiya ce. Shi ya sa maganar awa ba ta rabuwa da maganar lada, kuma ba mamaki da ma'aikatan reluwe suka yi yajin gargaɗi na kwana uku a Nuwamban 2021 a kan albashi da walwala. Amma hujjar ba ta rushe maganata ba. In albashi bai isa ba sai mutum ya sayar da barcinsa, to, gyaran albashin ya kamata, domin barcin nan ba nasa ne shi kaɗai ba, akwai haƙƙin mai tallan da ke tsallaka dogo a cikinsa.

Sa'an nan ga abin da ya fi damunmu mu mutanen wannan yanki, wanda dokar Amurka ba ta san da shi ba. Bayan harin da aka kai wa jirgin Abuja zuwa Kaduna ran 28 ga Maris 2022, aka kashe mutane aka kwashi wasu zuwa daji har wata shida da ɗoriya, babu mai musun cewa ma'aikacin jirgi yana cikin masu sayar da rai. Fasinja sau ɗaya yake bin hanya ya yi addu'a ya sauka, ma'aikaci kullum ne. Ku tuna da jiran nan na 'yar tashar daji da na ambata. A zamanin dattijonmu abin tsoro a can bai wuce sauro da kura ba. Yau wa zai tsai da jirgin kaya rabin dare a dajin da ke tsakanin Tsafe da Gusau, ya ce wa mutum biyu su zauna su jira? Duk tsarin da za a yi wa layin Ƙaura ko na Jibiya, dole ya faɗi inda jirgi zai kwana, da inda ma'aikata za su sauka su kwanta a ɗaki mai ƙofa da tsaro, a kuma lissafa lokacin jira cikin lokacin aiki.

Ku yayyenmu da ke ma'aikatun sufuri da na ƙwadago, a Gusau ko Katsina ko Abuja, wannan aiki a teburinku zai biyo. Ba minista ke rubuta jadawalin aiki ba, ƙaramin jami'i ne mai digiri ɗaya irin wanda muke nema, shi zai zauna da biro ya ce direba kaza sun isa layi kaza. In ya rage mutum biyar don lissafi ya yi kyau a idon maigidansa, ba zai taɓa ganin fuskar wanda ya ɗauki nauyin biyar ɗin ba. Ina roƙon duk wanda takardar nan ta biyo ta hannunsa ya nemi a sa adadi a fili: iyakar awa a jere, mafi ƙarancin hutu kafin a sake kira, mutum biyu a kan kowane jirgi, da littafin da ake rubuta lokacin hawa da na sauka wanda wani daga waje zai iya dubawa. Ni a ganina awa 12 ta yi yawa a zafin Afrilu na ƙasar nan, amma ko ita aka rubuta ta fi babu. 'Yan'uwanmu masu karatun lauya kuma, ga abin rubuta kundin kammala digiri wanda ya fi maimaita abin da aka riga aka rubuta sau ɗari.

Su kuwa masu ɗaukar bidiyo, ban ce su daina ba, na ma fi son su ƙara. Sai dai su sauka daga kan dogo, su daina miƙa wa direba waya yana tuƙi, su kuma juya na'urar ta kalli mutane. A Ƙaura da Gusau da Zariya akwai tsofaffin direbobi da gadi-gadi da masu juya layi da suka haura shekara saba'in, kowace damina ana rasa wasu, kuma abin da ke kansu ba ya cikin kowane littafi a laburaren jami'armu. Na gwada da namu dattijon kafin in dawo makaranta. Na ɗauke shi minti arba'in yana bayanin yadda ake gane tukunya na neman ruwa daga sautinta kawai, da sunayen tashoshi daga Zariya zuwa Ƙaura a jere ba tare da ya tsallake ko ɗaya ba. Samarin dakali sun kalla sau biyu. Da aka zo wurin da yake faɗin yadda yakan tauna barkono da asuba don kada ido ya rufe kafin su shiga Gusau, sai wanda ya yi masa dariya ran farko ya ce a mayar baya ya sake ji.